Hanyar Zuwa Aiki da Lafiyar Ma'aikaci: Abin da Shugabannin Wuraren Aiki Za Su Iya Yi

Gabatarwa

Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya bayyana a jawabinsa na kama mulki cewa tallafin man fetur ya ƙare. Kafin mako ya zagayo, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai wajen naira 500, kuma kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000 a wurare da dama. Daga wannan lokaci kuɗin zuwa aiki ya zama abin da ke cinye kaso mai tsoka na albashin ƙaramin ma'aikaci. Jihohin Kwara da Edo har sai da suka rage ranakun zuwa ofis zuwa uku a mako a watan Yunin 2023. To amma malamin makaranta da ma'aikacin jinya ba su da wannan dama, domin ba a koyar da aji ko a yi wa majiyyaci allura daga gida.

A garuruwan arewacin Zamfara, irin su Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi da Gurbin Bore, manyan wuraren aikin albashi su ne sakatariyar ƙaramar hukuma da makarantu da asibitoci, sai kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Ƙaura Namoda a 1983. Ma'aikata da yawa a cikin gari suke zaune, tafiyar da ke tsakaninsu da wurin aiki ba ta wuce kilomita biyu zuwa biyar ba, amma a kan babur suke yin ta. Wannan maƙala za ta duba abin da kimiyya ta gano game da irin wannan gajeriyar tafiya, sannan ta nuna matakan da ke hannun shugaban wurin aiki, ko shi shugaban makaranta ne ko na asibiti ko na ƙaramar hukuma, waɗanda za su sa ma'aikatansa su riƙa yin ta a ƙafa ko a kan keke cikin sauƙi da mutunci.

Abin da Motsi ke Yi wa Jiki

An fara gano alaƙar zama wuri ɗaya da ciwon zuciya ne a wurin aiki. A 1953 wani likita a Ingila mai suna Jeremy Morris ya fitar da sakamakon binciken da ya yi a kan ma'aikatan sufuri kimanin 31,000 a birnin Landan. Motocin bas na birnin masu hawa biyu ne. Direba yana wuni a zaune, shi kuwa kwandasta yana hawa da sauka a matakala yana karɓar kuɗi, har ya taka matakala ɗari biyar ko fiye a yini. Mota ɗaya suke ciki, iska ɗaya suke shaƙa, amma sai aka tarar ciwon zuciya ya fi kama direbobi, kuma mutuwar farat ɗaya a cikinsu ta kai wajen ninki biyu na ta kwandastoci.

Dalilin haka yana cikin yadda aka halicci jikin ɗan Adam. Zuciya tsoka ce, kuma kowace tsoka aiki ke ƙarfafa ta. Zuciyar mai yawan motsi takan tura jini mai yawa a bugu ɗaya, saboda haka ba ta buƙatar yawan bugawa idan yana hutawa. Hanyoyin jini su ma sukan ƙara laushi da buɗewa, abin da ke sa awon mai hawan jini ya sauka da kimanin maki 5 zuwa 8 idan ya lazimci motsa jiki. Har ila yau, manyan tsokokin cinya da ƙwauri idan suna aiki sukan zuƙe sukari daga cikin jini su ƙona shi, ko da sinadarin insulin bai wadata ba. Wannan ne ya sa likitoci ke umurtar mai ciwon sukari da yin tattaki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa kowane baligi ya sami aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, wato irin motsin da zai sa numfashi ya ɗan ƙaru amma bai hana magana ba. Yara da matasa kuwa minti 60 a kowace rana. Yanzu mai karatu ya yi wannan lissafi. Malamin da gidansa ke da nisan kilomita 3 daga makaranta, idan ya tuƙa keke a natse, kilomita 12 a awa, minti 15 zai kai shi. Zuwa da dawowa minti 30 ke nan. A kwana biyar na aiki ya sami minti 150 cif, ba tare da ya ware wani lokaci na daban ba, ba kuma tare da ya je filin wasa ba. Wanda nisansa bai wuce kilomita ɗaya da rabi ba zai sami kwatankwacin haka da ƙafa.

A 2017 masu bincike a Jami'ar Gilasgo sun bayyana sakamakon bin diddigin mutane fiye da 260,000 a Birtaniya na tsawon shekara biyar. Sun tarar waɗanda ke zuwa aiki a kan keke haɗarin mutuwarsu a cikin wannan lokaci ya gaza na masu zuwa a mota da kashi 41 cikin ɗari, kuma kamuwa da ciwon zuciya ya ragu da kashi 46. Ya kamata ɗalibin kimiyya ya lura cewa irin wannan bincike alaƙa yake nunawa, domin mai yiwuwa ne wasu sun zaɓi keke saboda dama can suna da ƙoshin lafiya. Sai dai sakamakon ya dace da abin da aka sani na aikin zuciya da tsoka, ya kuma dace da abin da Morris ya gani tun shekara sittin kafin nan.

Abin da Hayaƙi ke Yi wa Iska

Litar fetur ɗaya nauyinta kimanin giram 740 ne, amma idan ta ƙone takan fitar da kimanin kilo 2.3 na iskar kabon dayoksaid. Mai karatu zai iya tambaya, ta yaya abin da ya fito ya fi abin da aka zuba nauyi? Amsar ita ce, mafi yawan nauyin fetur na sinadarin kabon ne, kuma wajen ƙonewa kowace ƙwayar zarra ta kabon mai nauyin 12 takan haɗu da ƙwayoyi biyu na oksijin masu nauyin 32 daga cikin iska, su zama 44. Ragowar nauyin daga iskar da injin ya zuƙa ya fito. Wannan iska tana riƙe zafin rana a sararin samaniya, abin da ke kawo ɗumamar duniya, kuma yankinmu da ke bakin hamada yana cikin waɗanda suka fi jin jiki.

Mu koma ga malamin nan mai tafiyar kilomita 30 a mako. Mu ɗauka yana aiki mako 44 a shekara, kuma babur ɗinsa na cin kilomita 40 da lita ɗaya. A shekara zai ƙona lita 33, ya saki kimanin kilo 76 na kabon dayoksaid. Idan mota ce mai cin kilomita 10 da lita, adadin ya ninka huɗu. A wurin aiki mai ma'aikata ɗari masu babur, an doshi tan takwas ke nan a shekara.

Akwai kuma dafin da ke shiga jiki kai tsaye. Injin da bai ƙona mai sosai ba yakan fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Sinadarin himogulobin da ke ɗaukar oksijin a cikin jini ya fi kama wannan iska sau fiye da 200 a kan yadda yake kama oksijin, saboda haka kaɗan daga cikinta kan jawo ciwon kai da kasala. Hayaƙin yana ɗauke da ƙananan ɓurɓushi da ido ba ya gani, waɗanda ke wuce gashin hanci su isa can ƙarshen huhu, wasu ma su ratsa cikin jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar waje ta yi sanadin mutuwar mutane miliyan 4.2 a 2019. Wani abin lura shi ne, inji ya fi shan mai da fitar da hayaƙi a mintunan farko kafin ya ɗauki zafi. Ke nan gajeriyar tafiya, wadda keke zai fi sauƙin maye gurbinta, ita ce ta fi ɓarna a kowace kilomita.

Da Tsohuwar Zuma ake Magani

Keke ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A zamanin En'e, malamin makaranta da duba-gari da malamin gona da masinja duk a kan keke suke aikinsu, kuma hukuma ce ke ba ma'aikaci adibas ya saya, a riƙa cirewa a albashinsa, har da alawus na kula da shi. Kamfanin Raleigh ya yi masana'antar haɗa kekuna a Kano. Da aka biya kuɗin Udoji a 1975, ga kuma fetur da araha, sai ma'aikata suka koma kan babur da mota, keke ya zama abin hawan ɗalibi da manomi. Abin da wannan tarihi ke koya mana shi ne, hukumar da ta ɗauki ma'aikaci ita ta ɗora shi a kan keke tun farko, ta hanyar kuɗi da tsari.

Ƙasashen da suka ci gaba wannan hanya suke bi a yau. Tun 1999 dokar Birtaniya ta ba kamfani damar saya wa ma'aikaci keke, ana cire kuɗin daga albashinsa kafin a yanke haraji. A Faransa, tun 2009 wajibi ne mai ɗaukar ma'aikata ya biya rabin kuɗin tikitin bas ko jirgin ƙasa na ma'aikacinsa. A Holan, inda kekuna suka fi mutane yawa, ana iya biyan ma'aikaci kuɗin kowace kilomita da ya yi zuwa aiki ba tare da haraji ba, ko da a kan keke ya yi ta. A nan gida ma, Dokar Sauyin Yanayi ta 2021 ta ɗora wa duk kamfani mai ma'aikata 50 ko fiye alhakin ɗaukar matakan rage hayaƙin da yake fitarwa, a shekarar da Nijeriya ta yi alkawarin daidaita hayaƙinta kafin 2060.

Akwai darasi kuma a abin da ya faru da Ojo Maduekwe, Ministan Sufuri a gwamnatin Obasanjo, wanda ya yi ta kiran 'yan Nijeriya su koma hawan keke. A 2001 wata motar bas ta ture shi yana kan kekensa a Abuja. Kiran nasa bai yi nisa ba, domin an yi wa'azi ba a gyara hanya ba.

Matakan da ke Hannun Shugaba

Mataki na farko shi ne sanin halin da ake ciki. Shugaba ya sa a rubuta unguwar da kowane ma'aikaci yake, da nisanta, da abin da yake hawa, da abin da yake kashewa a mako. Daga nan ma'aikata za su rabu gida uku: na kusa da za su iya zuwa a ƙafa, na tsakiya da keke zai ishe su, da na nesa da sai da mota. Kowane rukuni da irin maganinsa.

Na biyu, a dawo da adibas ɗin keke. Abin da ke hana ƙaramin ma'aikaci sayen keke mai ƙwari shi ne biyan kuɗin a dunƙule. Idan hukuma ko ƙungiyar gama kai ta ma'aikata ta sayo da yawa a farashin sari, ta raba biyan a wata goma ko goma sha biyu, kuɗin man da ma'aikaci ya daina saye zai taimaka wajen biyan bashin. Inda hukuma ba ta da hali, adashi ma zai yi wannan aiki. Sannan duk wani alawus na sufuri kada a hana shi wanda ya zo a ƙafa ko a keke, domin yin haka tamkar hukunta shi ne a kan abin kirki.

Na uku, a tanadi wurin ajiya. Rumfa mai inuwa kusa da mai gadi, da ƙarfen ɗaure keke, ta wadatar. Zafin rana na busar da taya, tsoron ɓarawo kuwa ya isa ya hana mutum fitowa da kekensa. A ajiye famfo da kayan faci a ofis, a kuma ba wani mai gyaran keke wuri a bakin ƙofa, shi ya sami abinci, ma'aikata su sami sauƙi.

Na huɗu, a yi la'akari da zafi, wanda shi ne babbar hujjar masu ƙin keke a yankinmu, kuma hujja ce mai ƙarfi. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40 da tsakar rana. Jiki yana sanyaya kansa ne ta hanyar gumi: kowace litar gumi da ta bushe a fata takan tafi da zafi kimanin kilojul 2,400. Amma ruwan da ya fita dole a mayar da shi, in ba haka ba jini ya yi kauri, zuciya ta wahala. Don haka a ajiye randa ko tulun ruwan sha mai tsabta, da makewayi mai ruwa inda mutum zai watsa ko ya sauya riga. A bazara a matso da lokacin fara aiki zuwa sanyin safiya, a kuma tsara tashi yadda ba zai faɗa a tsakiyar garjin rana ba. Sauya lokacin aiki ba sabon abu ba ne, tunda gwamnatocin wasu jihohin Arewa kan yi haka a watan azumi. A lokacin hunturu kuwa, mai asma ko ciwon ƙirji ya rufe hanci, ranar da ƙura ta yi yawa ya nemi mota.

Na biyar, a shuka itatuwa a hanya. Itace yana tare hasken rana, yana kuma fitar da ruwa ta ƙananan ƙofofin da ke jikin ganyensa, ruwan ya bushe ya tafi da zafi, kamar dai yadda gumi ke yi wa mutum. Shi ya sa inuwar itace ta fi ta kwano sanyi. Dogon yaro, wanda wasu ke kira darbejiya ko bedi, yana jure fari, yana saurin girma, kuma yana da ganye a bazara lokacin da aka fi buƙatar inuwa. Maɗaci da tsamiya sun fi shi jinkiri amma sun fi daɗewa. Makarantar da ta raba wa kowane aji itatuwa goma ya shuka a kan hanyar shigowa, ya kange su daga awaki, ya ba su ruwa a ranin farko, cikin 'yan shekaru za ta sami inuwar da malamai da ɗalibai za su bi.

Na shida, a kula da lafiyar hanya. Shugaba ya nemi ƙaramar hukuma da jami'an kiyaye haɗurra su sa tudun rage gudu da alamar tsallakawa a gaban makaranta ko asibiti. Kowane keke ya kasance da birki mai kyau da ƙararrawa da fitila, da abin ƙyalli a baya saboda masu aikin dare.

Na bakwai, kuma mafi wuya, shi ne maganar girma. A idon mutane da yawa, ma'aikacin da ya ajiye babur ya hau keke ya karye ne. Takardar umurni ba ta kawar da wannan tunani. Abin da ke kawar da shi shi ne a ga shugaban makaranta ko babban likita da kansa ya iso a kan keke ko a ƙafa, ko da sau biyu ne a mako. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 3 ga Yuni ta zama Ranar Keke ta Duniya tun 2018, kuma rana ce da wurin aiki zai iya karrama waɗanda suka fi lazimtar hakan.

Mata da Masu Zuwa daga Nesa

Ba kowa keke zai yi wa amfani ba. A al'adar yankinmu ba kasafai matan aure ke hawansa ba, ga masu juna biyu da masu lalura da dattawa. Haka kuma wanda ke zuwa daga wani gari, misali daga Ƙaura Namoda zuwa Zurmi, ko daga Zurmi zuwa Gurbin Bore a kan hanyar Jibiya, tafiyarsa ta fi ƙarfin keke. Ban da nisa ma, akwai matsalar tsaro da ta addabi waɗannan hanyoyi shekara da shekaru, wadda ta kai ga a Satumban 2021 aka rufe kasuwannin mako-mako a jihar, aka taƙaita sayar da fetur da zirga-zirgar babura, aka kuma katse layukan waya. Babu shugaba mai hankali da zai tura ma'aikacinsa shi kaɗai a kan keke ta cikin daji. Duk abin da aka faɗa a sama game da keke da tafiyar ƙafa, cikin gari ake nufi.

Maganin waɗannan rukunoni shi ne haɗa tafiya. Bas mai ɗaukar mutum 18 ko da ta sha mai ninki biyar na babur, abin da ya hau kan kowane fasinja bai kai kashi ɗaya cikin uku na wanda ya hau babur shi kaɗai ba. Wurin aiki zai iya yin yarjejeniya da direba ɗaya amintacce, ko da mai A Daidaita Sahu domin mata, a tsayar da lokaci da wurin ɗauka, a riƙa biya a ƙarshen wata. Idan aka sa matattarar a wuri ɗaya a kowace unguwa, tattakin minti goma zuwa wurin ma motsa jiki ne. Gwamnatin Borno ta nuna ana iya yin wannan a babban mataki, lokacin da ta ƙaddamar da motocin haya sama da ɗari masu aiki da lantarki da iskar gas a Maiduguri a Disamban 2023. Sai dai mafi sauƙin magani shi ne rage nisan kansa: a gyara gidajen malamai da na ma'aikatan asibiti da ke harabar wurin aiki, sannan wajen rarraba ma'aikata a tura kowa inda ya fi kusa da gidansa matuƙar aiki ya ba da dama.

Kammalawa

Ribar wannan tsari ba ta tsaya ga ma'aikaci ba. Wanda kuɗin mai bai hana shi fitowa ba zai rage fashi da makara a ƙarshen wata, wanda kuma ya tsira daga hawan jini da ciwon sukari zai daɗe yana aiki. Yawancin matakan nan, wato rumfa da randa da famfo da sauya lokaci da shuka itace, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba.

Ga aikin da malamin kimiyya zai iya ba ɗalibansa. Su tsaya a ƙofar makaranta da safe na tsawon mako guda, su ƙirga masu zuwa a ƙafa da keke da babur da mota. Su tambayi nisan gidan kowa, su lissafa litar man da ake ƙonawa a zangon karatu ɗaya, su ninka da 2.3 domin sanin nauyin kabon dayoksaid da aka saki. Su kuma auna bugun zuciyar masu zuwa a keke da na masu zuwa a babur bayan kowa ya huta minti goma, su kwatanta. Idan sun gama, su rubuta sakamakon su miƙa wa shugaban makaranta tare da shawarar matakin da ya kamata a fara da shi.